Likita Ya Ce Ba Komai, Jiki Ya Ce Da Magana

Wasiƙar wannan makon wata malamar firamare ce ta aiko, mai shekara 38, uwar 'ya'ya biyar. Na rage tsawonta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Kusan shekara guda ke nan kasala ta hana ni sakat. Ina kwanciya a gajiye, in tashi da asuba kamar an kwana ana jibgata. Kafin a fita tara jikina ya mutu, alli ma nauyi yake yi mini. Gashina yana karyewa, ga mantuwa, ga jin sanyi ko ana zafi. Autana watansa goma sha huɗu, yana shan nono. Sau uku ana yi mini maganin maleriya da taifot, sau biyu ana yi mini ƙarin ruwa, ba ta canja zani ba. Daga baya wani likita ya tura ni awon tayirod. Ya duba takardar ya ce TSH ɗina 5.8 ne, ya ɗan haura, amma T4 lafiya lau, don haka ba zai ba ni magani ba, in dawo bayan wata uku. Na fito kamar in yi kuka. Sai wata ƙawata ta kai ni wani shago, aka ba ni wani ƙarfe na riƙe, kwamfuta ta fitar mini da cuta goma sha ɗaya, aka rubuta mini magani na naira dubu tamanin da biyar. Surukata kuma ta ce a yi mini ƙaho a karɓo mini rubutu. Don Allah ina zan dosa?"

Malama, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Kafin mu shiga magana, dubu tamanin da biyar ɗin nan ki ƙulle ta a bakin zani, kada ki sake ta tukuna.

Gajiyarki gaskiya ce, ba raki ba ne, ba son jiki ba ne. Kuma ba na jin likitan ya ƙaryata ki. Abin da ke faruwa shi ne, "ba komai" a bakin likitan da layi ya tsaya masa har waje tana nufin "ban ga abin da zan rubuta wa magani yau ba", ke kuma sai kunnenki ya ji "lafiyarki ƙalau, tafi gida". A tsakanin maganar da ya faɗa da wadda kika ji ne masu na'ura suka kafa rumfarsu. Ban ga laifinki ba da kika bi ƙawar taki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Ita tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi. Ita ce in ta kumbura muke cewa mutum yana da maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadaran da ke tsara saurin aikin jiki, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki har zuwa narkewar abinci da kaifin tunani. Wanda ta fi fitarwa shi ne T4. Shi kuwa TSH ba ita ke yin sa ba. Wata 'yar ƙwaya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, ke aiko shi don ya zaburar da ita. Ki ɗauka tayirod jaki ne, T4 kayan da ya ɗauko, TSH kuma bulalar mai jakin. In jaki na tafiya da kansa, bulala kaɗan ta isa. In ya fara nawa, sai a ƙara. Abin da takardarki ke cewa shi ne kaya suna isa kasuwa a kan kari, sai dai mai jakin ya ɗan ƙara kaɗa bulala. Ba ta ce jakin ya kwanta ba. Yawancin ɗakunan awo suna ɗaukar 0.4 zuwa 4 ko 4.5 a matsayin daidai, kowa da ma'aunin da yake bugawa a gefen takardarsa. Wanda tayirod ɗinsa ta gaza da gaske, akan ga TSH ya wuce 10, wani sa'in ya kai 50 ko fiye, T4 kuma ya faɗi ƙasa warwas.

To me ya sa aka ce ki jira wata uku? Saboda TSH ba a zaune yake wuri ɗaya ba. Yakan hau cikin dare da sassafe, ya sauko da rana. Yakan hau in mutum yana farfaɗowa daga zazzaɓi ko wata jinya. Yakan ɗan ƙaru da shekaru. Ke kuma kina da wani dalilin na musamman: kusan mace ɗaya cikin ashirin tayirod ɗinta takan rikice a shekarar farko bayan haihuwa, ta yi gudu na ɗan lokaci, sannan ta yi nawa, kuma a wurin mafi yawansu takan koma daidai da kanta cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai goyon wata goma sha huɗu tana cikin wannan zangon. Awo ɗaya hoto ɗaya ne, ba a yanke wa mutum hukunci da shi.

A 2017 aka wallafa sakamakon wani babban bincike mai suna TRUST, da aka yi a ƙasashe huɗu na Turai a kan dattawa 737 masu shekara 65 zuwa sama, dukansu masu takarda irin taki. Rabinsu aka ba su ƙwayar tayirod ta gaskiya, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, ba wanda ya san wadda yake sha. Bayan shekara guda, TSH ɗin masu shan ta gaskiyar ya sauko, amma gajiyarsu tana nan daidai da ta 'yan'uwansu. Tun wajen tantance masu shiga binciken ma, kusan shida cikin goma da aka sake aunawa an tarar TSH ɗinsu ya koma daidai ba tare da magani ba. Za ki ce ai ke ba dattijuwa ba ce, kuma gaskiyarki. Amma a 2018 wasu masana sun haɗa bincike 21 irin wannan a kan manya masu shekaru daban-daban, abin da suka gani ke nan: lamba takan gyaru, mutum bai ji sauƙi ba. Sau da yawa ba tayirod ce ɓarauniyar ba, ita dai aka tarar a tsaye a bakin ƙofa aka kama.

Wannan ba ya nufin ba a taɓa ba masu irin takardarki magani. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2019 ta ce in TSH ya kai 10 a awo biyu da ke da tazarar wata uku, a duba batun fara magani. In bai kai 10 ba amma ya haura a awo biyun, mutum bai kai shekara 65 ba, kuma alamu suna damunsa, ana iya gwada maganin na wata shida, in bai ji sauƙi ba a tsayar. Ga ƙofarki nan, kuma kina da haƙƙin ki tambayi likitan game da ita ranar komawa. Ki kuma roƙa a haɗa miki da awon da ake kira anti-TPO, mai nuna ko garkuwar jikinki ce ke cin tayirod ɗin a hankali, wato cutar da wani likitan Japan mai suna Hashimoto ya fara bayyanawa a 1912. Wani bincike da ya bi mutanen garin Whickham na Ingila tsawon shekara ashirin ya nuna matan da TSH ɗinsu ya haura kuma suke da wannan alamar, kusan huɗu cikin ɗari ne duk shekara tayirod ɗinsu ke gazawa sosai. Ba gobara ba ce, amma ta isa a riƙa aunawa shekara-shekara. Akwai wurin da ba a jira: in kina da ciki ko kina neman ciki, ki faɗa wa likita yanzu, domin ɗan tayi a watannin farko da sinadarin uwarsa yake gina ƙwaƙwalwarsa.

Yanzu bari mu nemi sauran ɓarayin, don wata ukun nan ba na zaman jira ba ne. Da ni ce ke, da jinina zan fara. Haihuwa biyar, shayarwa, jinin al'ada in yana zuba da yawa, maleriya a kai a kai, wataƙila da tsutsar ciki, kowannensu yana ɗiban sinadarin ƙarfe, wato ayon, daga jiki. Kuma ƙarancinsa yana kawo kusan duk abin da kika lissafa: kasala, karyewar gashi, jin sanyi, mantuwa. Wasu matan har sukan ji suna marmarin ƙanƙara ko farar ƙasa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne awon yawan jini, wato PCV, yana iya fitowa daidai alhali rumbun ayon ɗin ya kusa zama fanko. Awon da ke leƙa rumbun shi ne feritin. A 2012 an wallafa wani bincike da aka yi a Faransa a kan mata 198 masu fama da gajiya, waɗanda jininsu bai yi ƙasa ba amma feritin ɗinsu bai kai 50 ba, kuma waɗanda aka ba ƙwayar ayon na mako goma sha biyu sun fi sauran samun sauƙi a fili. Kada a auna miki feritin kina cikin zazzaɓi, don zazzaɓi yakan ɗaga shi ya ɓoye gaskiya. In an ba ki ayon, kada ki kora da shayi, shayi yana tare shi a hanji. Lemon zaƙi ko gwaba sun fi.

Bayan jini sai suga, ƙoda, hanta, awon ciki ko da kina ganin ba zai yiwu ba, da awon ƙanjamau, wanda ba zargi ba ne, tsari ne na duk gajiyar da ta daɗe. In akwai tari da gumin dare da rama, a duba tarin fuka.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi masu jego da nake so duk mai karanta wannan shafin ta riƙe, ko da ba su ne naki ba. Matar da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin gaba da na hammata ya zube, ga kasala da jiri, mai yiwuwa 'yar ƙwayar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni. Ana kiran abin cutar Sheehan. A nan mai jakin ne ya kwanta, don haka TSH yana iya fitowa daidai alhali T4 ya faɗi, shi ya sa awon TSH shi kaɗai bai isa ba. Na biyun shi ne raunin zuciya bayan haihuwa, wanda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ya yawaita a ƙasar Hausa. Alamarsa gajiya da haki, kumburin ƙafa, da kasa kwanciya a miƙe sai an tara matasai. Wannan ba na jiƙo ba ne, na asibiti ne, kuma yau ba gobe ba.

Sai wata tambayar da ba ta buƙatar ko kwabo: awa nawa kike barci? Ki ƙirga da gaske. In sai sha ɗaya kike kwanciya bayan kin gama wanke-wanke da duba littattafan yara, auta ya tashe ki sau biyu, ga zafi ba wuta, ga sauro, sannan ki tashi huɗu da rabi ki ɗora tukunya, to barcinki bai kai awa biyar ba. Ba na'urar da za ta gaya miki wannan, kuma ba robar magani da za ta biya bashin. Ki tambayi maigida ko kina minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa. Ki kuma tambayi kanki, ke kaɗai, ko abubuwan da da suke faranta miki rai yanzu sun daina, ko kina kuka ba dalili. Ciwon damuwa a wurinmu ba kasafai yake zuwa da sunansa ba, da ciwon jiki da kasala yake sallama. Cuta ce kamar kowace, ba raunin imani ba ce, kuma tana jin magani.

Maganar taifot sau uku kuwa, ina da ja. Awon taifot na Widal da ake yi sau ɗaya yakan fito da alama ga mutane da yawa da lafiyarsu ƙalau a wuraren da cutar ta zama ruwan dare, kuma taifot ba ya zama shekara guda ba zazzaɓi. Ƙarin ruwa kuma ruwa ne da gishiri ko suga, wani lokaci da bitamin mai launin rawaya don ya yi kyan gani. Wanda ke iya ci da sha da bakinsa, kwanciyar awa biyun da ya yi a kan gadon ce ta ɗan hutar da shi.

Na'urar shagon nan na san ta, don na taɓa zama a gabanta a wani ɗan shago bayan wata tasha. Wata yarinya mai fara'a ta tambayi shekaruna da tsawona da nauyina ta buga a kwamfuta, sannan cikin hira ta ce me ke damuna. Na ce bayana. Ta miƙo mini wani ƙarfe mai waya kamar mariƙin ludayi, ta ce in damƙe in yi shiru. Bai fi minti ɗaya ba sai ga shafuka suna fitowa da kore da rawaya da ja. Ƙoda ja, ƙashi ja, hanta rawaya. Na ɗaga kai na dubi kantar da ke bayanta, na ga kowane ja yana da robarsa a jere, da farashi a manne. Ba a ɗauki jinina ba, ba a ɗauki fitsarina ba. Sinadarin tayirod a cikin jini yake, kuma ɗan mitsitsi ne ƙwarai, ba ƙarfen da zai ƙirga shi ta tafin hannu. Duk inda mai awo shi ne mai sayar da maganin, ki san ba za ki taɓa fitowa da takarda mai kore zalla ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a ce robobin nan asarar kuɗi ce kawai, da sauƙi. A 2013 wasu likitoci a Amurka sun sayi iri goma na ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan masu ƙarfafa tayirod, suka auna su, suka tarar tara suna ɗauke da ainihin sinadarin tayirod, wasu ma da yawan da ya kai na maganin asibiti. Mai sha bai san adadin da yake haɗiya ba, sai dai ya ji zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaurace, hannu na rawa. Wasu kuma ciyawar teku ce a ciki, mai ɗauke da sinadarin aidin fiye da kima. Babban mutum maikurogiram 150 yake buƙata a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, kuma in aidin ya yi yawa shi ma yana rikita tayirod, musamman wadda dama garkuwar jiki ke ci. Akwai wani tsiron Indiya mai suna ashwagandha da ake cusawa a magungunan gajiya, wanda aka samu rahotannin ya taɓa hanta ya kuma tunzura tayirod, har ƙasar Denmak ta hana sayar da shi a 2023. Sannan in kin ji ana tallar "tayirod na asali" a intanet, wanda ba na bature ba, ki sani busasshiyar tayirod ta dabba ce, kuma fitattun irinsa, kamar Armour, daga alade ake yin su. Da irin wannan aka fara jinyar gazawar tayirod, don a 1891 wani likitan Ingila, George Murray, da ruwan tayirod ɗin tunkiya ya warkar da wata mata. An koma ƙwayar zamani ne saboda ita an san adadin da ke cikinta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗe-haɗen da ba su da suna, na jarka da na ƙulli, waɗanda ake barbaɗa wa ƙwayoyin asibiti irin su deksametason, wadda 'yan mata ke sha don ƙiba. Kwana biyu za ki ji garau, cin abinci ya buɗe, ki ce kin dace. Bayan watanni fuska ta kumbura, suga da hawan jini su shigo, ranar da kika daina kuma jiki ya zube fiye da da. An gudu gara an faɗa gidan zago. Hatta man bilicin mai ƙarfi yana da irin wannan sinadarin, kuma yana ratsa fata. Ki riƙe wannan ma'aunin: maganin tayirod na gaskiya makonni yake ɗauka kafin a ji shi, ayon ma haka. Duk abin da ya tashe ki tsaye cikin kwana biyu, ki tambayi me ke cikinsa. In kuma kin riga kin daɗe kina shan irinsa, kada ki yanke shi lokaci ɗaya, sai da likita.

Ban ce ki juya wa na gida baya ba, kuma ban ce ki yi musu da surukarki ba. Matar nan ta ga kina jan jiki ta nemo abin da ta sani, wannan ƙauna ce. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da awon jini, ki karɓa hannu bibbiyu. Habbatus sauda tana da matsayinta a wurinmu, kuma wani ɗan ƙaramin bincike a Iran a 2016, a kan mutum 40 masu cutar Hashimoto na mako takwas, ya ga TSH ya ɗan sauko. Mutum 40 da mako takwas ba su isa a gina hukunci ba, amma ɗan abin da ake ci a abinci ko a shayi ba abin tsoro ba ne. Zuma ma haka, in an tabbatar ba ki da suga. Kwaɗon zogale, wake, hanta, kifi, ƙwai, duk alheri ne ga mai shayarwa. Tausa da ɗan tattaki bayan la'asar suna taimakawa fiye da yadda ake zato. Ƙaho ne zan ce a dakata. Ƙaho jini yake fitarwa, ke kuma ana zargin jinin ne bai ishe ki ba, ga haɗarin ciwon hanta in askar ba sabuwa ba ce. Ki ce mata, "Inna, na gode, addu'ar nan a ci gaba da yi mini. Ƙahon dai likita ya ce a bari sai an auna jinina." Ba za ta ƙi ba.

Za ki ji masu cewa ki daina cin gero da rogo da kabeji. Maganar tana da tushe, amma an ja ta ta wuce wurinta. An lura da alaƙar cin gero da yawan maƙoƙo a Darfur ta Sudan, da alaƙar rogon da ba a jiƙa sosai ba da maƙoƙo a Kwango, sai dai duk a wuraren da aidin ya yi ƙaranci ne. Najeriya ta wajabta saka aidin a gishiri tun 1993. In gishirin leda mai aidin kike amfani da shi, kina rufe shi a roba nesa da rana da danshi, ki sha furarki da kununki hankali kwance. Gishirin gargajiya irin su balma da manda galibi ba a saka masu, wanda kuma ya yini a buɗe a faranti a rana aidin ɗinsa yakan ragu. Ba cewa na yi ki ƙara yawan gishiri ba, kada a yi maganin wuya a jawo hawan jini.

In har za ki gwada wani abu na gargajiya ko na kemis ɗin Musulunci, ki gwada ɗaya tak a lokaci guda, wanda kika san sunan abin da ke cikinsa, ki sa masa wa'adi, ki kuma tuna duk abin da kika sha auta ma yana iya samunsa a nono. Lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L da ake gani a jikin magungunan gargajiya tana nuna an yi masu rajista an duba ba su da illa ta kusa, ba shaidar suna warkarwa ba ce. Ki samu ɗan littafi irin na ɗalibanki, kullum kafin ki kwanta ki rubuta awannin barcinki, abin da kika sha, ranakun al'ada, sannan ki ba ƙarfin jikinki maki daga ɗaya zuwa goma. Ke malama ce, ba sai an koya miki ba da maki ba. Bayan wata uku wannan littafin zai gaya wa likita abin da minti biyar a ofishinsa ba zai gaya masa ba.

In awo na biyu ya sake haurawa aka yarda a gwada miki ƙwayar tayirod, wato lebotairoksin, shanta yana da ladabi. Cikin da ba komai take so, da ruwa zalla. Ki ajiye ta da kofin ruwa kusa da matashinki, ki haɗiye da kiran sallar farko, kafin ki yi salla ki dama koko a sayo ƙosai rabin awa zuwa awa guda ta wuce. Ayon, ƙwayar ƙarfin ƙashi da maganin gyambon ciki mai kama da madara, a ba su tazarar awa huɗu da ita. Awara da madarar waken suya ma suna rage shigarta jiki, kada su zo kusa da lokacin shanta. Da azumi, ko rabin awa kafin sahur, ko lokacin kwanciya bayan abincin buɗa-baki ya daɗe da sauka. Kada ki bar ta a mota ko kusa da murhu. Ana sake awo bayan mako shida zuwa takwas, kuma kada ki ƙara da kanki don kin ga gajiyar ba ta tafi ba, yawanta yana rikita bugun zuciya yana cin ƙashi. In wata shida ya cika lamba ta daidaita ke kuma kina nan yadda kike, to an wanke tayirod, a tsayar da ƙwayar a ci gaba da neman ɓarawon.

Masu takarda akasin taki, wato TSH ya yi ƙasa T4 yana daidai, su ma sake awo ake yi, amma su nisanci duk wani ƙarin aidin, kuma in akwai faɗuwar gaba da rama da yawan gumi kada su jinkirta. Ke ma kada ki jira wata ukun ya cika in kin ga kumburi ko ƙulli a wuya, murya ta dushe, haɗiya ta yi wuya, kina ramewa ba dalili, kina haki, kin suma, ko kin fara jin rayuwar ta ishe ki. In kuma an yi awo biyu magana ba ta fito fili ba, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Sakkwato, ko na Maiduguri, inda ake samun likitocin da suka ƙware a wannan fannin.

Ranar komawa ki je da safe, ki je ɗakin awon da kika yi na farko don ma'aunin ya zama ɗaya, kuma ba a cikin zazzaɓi ba. In kina shan bitamin ɗin gyaran gashi, ki duba ko akwai bayotin a ciki, ki ajiye shi kwana uku kafin awon, don yana ruɗa na'urorin awo da yawa su ba da lambar ƙarya. Ki zuba duk abin da kike sha da wanda kike shafawa a leda ɗaya, har da ƙullin Inna da takardar shagon nan, ki ɗora a teburin likita tare da ɗan littafinki. Kada ki ji kunya, ba ke ce ta farko ba. Sannan ki ce masa, "Likita, na yarda ba za a ba ni maganin tayirod yau ba. Amma gajiyar tana nan. Me kuma za mu duba?"